Ƙyauren Maɗaci a Gindin Jirgi

Zafin azumin bana ne ya tono mini wannan magana. Tun da hantsi duwatsun Gubi suke ɗaukar wuta, kafin azahar ko ƙadangare ba ya yarda ya taka su. Ina zaune a inuwar bishiyar maina, ina jiƙa zane ina yafawa, sai na ji guduma tana sauka a bayan gida, kwam, kwam, irin ƙarar nan ta sanholo da ba ta kama da ta kowane ƙarfe. Na kasa kunne. Rabon da in ji wannan ƙara tun maigidan nan yana da rai.

Sani ne, ɗana na uku. Keke ya yi yawa a gari, fasinja ya yi kaɗan, shi ne ya jingine nasa ya ce jirgin ubansa zai tayar ya koma ruwa. Jirgin ya daɗe a kife a gindin tsamiya, kaji na yin ƙwai a ƙarƙashinsa. Ba a jima ba sai ga shi ya zagayo yana rungume da wani falle na katako, baƙi wuluk da kwalta, ya jingine shi a gabana.

"Dada, ashe da gaske ne? Ni na ɗauka tatsuniya ce irin taki. Ga ramin kuba nan a jiki."

Na ce, "Uwarka ce mai tatsuniya."

"To ai ke ce uwar tawa." Ya yi dariya, ya share gumi. "Gefensa kawai ruwa ya ci, cikinsa kamar jiya aka sare shi. In na gyara gefen zai koma inda yake. In kuma kina son abinki, ki riƙe, in nemi filawud. Sai dai filawud ɗin yanzu ba ya ganin damina uku."

Na ce ya ajiye, zan ba shi amsa in an sha ruwa. Ya tafi ya bar ni da katakon. Ƙyauren ɗakina ne. Na fi shekara talatin ina jiran ya dawo.

Ni ƴar Ƙofar Wambai ce, gidan malamai da fatake, ba na ɓoyewa kuma ba na rage murya in zan faɗa. Boko ban yi ba, na allo ma iya na salla ne, amma abin da idona ya gani ba ya zubewa. Maigidan kuwa masunci ne, daga Yawuri ya zo, mutane na ce masa Na-Yawuri. Sunansa na yanka ba zai fito daga bakina ba ko yau da yake ƙasa. Bandar kifi yake kawowa gidanmu, daga nan muka ga juna. Dangi suka ta da hanci, suka ce ƙarni. Baba ne kaɗai ya ce tunda ina so, in je. Ranar da za a kai ni ya sa aka cire ƙyauren ɗakin kakata, na maɗaci, mai kaurin tafin hannu, aka ɗora a kan kayana. Ya ce ya ji a bakin dam ɗin Gubi asabari ake sakayawa, shi kuma ƴarsa ba za ta kwana a bayan asabari ba.

Gubi ta lokacin ba wannan ba ce da ɗalibai ke ta zirga-zirga da waya a kunne. Bukkoki ne da ƴan ɗakunan ƙasa, sai ruwa, sai dutse. A duk zangon masunta ni kaɗai ce mai ƙyauren katako. Kowace Juma'a nakan shafe shi da man gyaɗa har ya riƙa ɗaukar ido. In na rufe shi, ƙarar da yake yi mai nauyi ce, dum, maƙwabta su san ƴar birni ta shiga ɗaki. Da haka ma maigidan ya laƙa mini sunan. Bai taɓa kirana da wani suna ba sai Ƴar Birni.

Shi kuma abin taƙamarsa jirgin ne. Na sanholo, irin ƙarfen da ake zuba tukwane da shi. Masu aikin dam ya yi wa tuƙi, da za su tashi suka bar masa, da ɗan injinsa. Sauran masunta kwalekwalen itace gare su, wasu ma gora kawai. Nasa ne kaɗai ke kaiwa tsakiyar ruwa ya dawo kafin kifi ya yi laushi.

Shekarar da nake faɗa, damina ta yi mana gardama. Gero ya fara fid da kai ruwa ya ɗauke, muna kallo ya tsaya a tsaye ya bushe. Ɗan abin da muka tara a rumbu bai kai mu ko'ina ba. Kafin bazara an koma kan rogo, daga rogo aka koma kan dusa, a tankaɗe ta, a sake tankaɗewa, a dama kunu da tsamiya don ta ɓoye ɗacin. Mata muka ƙare zogalen unguwa har reshe. Ruwan dam ya ja baya, ya bar laka ta tsattsage kamar faso. Kifi ya gudu can cikin zurfi. Masu gora sai su wuni su fito da ƴan ƙananan karfasa da ba su cika tafi ba. A haka wata ya kama, azumi ya shigo cikin tsakiyar zafi, kamar dai na bana.

To a farkon azumin ne gindin jirgin ya ba da kai. Gindin jirgi, wato bangon nan na baya inda ake rataya inji, ba sanholo ne zalla ba. Falle biyu ne, ciki da waje, da katako a tsakani, shi ke ɗauke da nauyin inji da duk girgizarsa. Ruwa ya daɗe yana shiga ta ramukan noti ba wanda ya sani. Wata rana maigidan ya dawo da wuri, da filafili yake tuƙi, injin na kwance a cikin jirgi. Ya kira ni ya ce in danna bangon da yatsa. Na danna, ya lotsa kamar cikin jariri. Da ya ɓamɓare murfin saman, katakon da ke ciki ya zama kamar jiƙaƙƙen ƙaiƙayi, da hannu muke kwasowa. Ga wari. Ga tsaga a kusurwa biyu.

Gaggawa ta sa ya yi kuskure. Ya samo farin katako na wani tsohon akwati, ya cusa, ya daddatse da ƙusoshin kafinta na baƙin ƙarfe. Ya fita da shi ƴan kwanaki. Katakon ya sha ruwa ya kumbura, ya dare ta layin ƙusa, inji ya yi ƙasa da kai a tsakiyar dam. Ba don igiyar da ya saba ɗaure shi da ita ba, da yau yana can ƙasan Gubi. Ya dawo ya zauna a bakin ɗaki. Yara na leƙen tukunya.

Labari bai da wuyar isa birni. Sai ga Hamma Usmanu, babban wanmu, wanda ya riƙe gida bayan rasuwar Baba, ya zo a kan babur ɗinsa da rawani ya sha ƙura. Bai shiga ba, a tsaye ya yi magana.

"Kulu, ki haɗa kayanki da na yara. Ɗakin Goggo ba kowa. Shi kuma ya tafi cin rani, in Allah ya hore masa ya zo ya ɗauke ku."

Na ce, "Hamma, mun gode. Muna nan."

"Kuna nan kuna cin me? Dubi wuyan yaron nan. Ni ba rigima na zo yi ba. Jajibirin Salla zan dawo, in jirgin nan bai koma ruwa ba, da ke zan tafi. Ba zan bari a ce jinin gidanmu ya ƙare a bakin tafki ba."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Na san abin da ke jirana: in koma gidan da na fita da guɗa, in zauna a ɗakin tsohuwa da yara uku, in riƙa jiran a aiko mini da kwano, waɗanda suka ce ƙarni su riƙa yi mini sannu da murya mai sanyi. Masuncin da ya tafi cin rani kuwa, mun sha gani, ruwan wani gari ke riƙe shi.

Katako mai tauri maigidan yake buƙata, wanda ruwa ba ya ci, a birni kuma an gaya masa kuɗin da ko jirgin ya sayar da ƙyar zai kai. Washegari da safe ina shara na lura yana satar kallon ƙyaurena. In na juyo sai ya kau da kai, ya kama gyaran komar kamun kifi. Ya yi haka, ya sake yi. Har aka yi azahar bai buɗe baki ba, kuma na san ba zai buɗe ba, don ya san daga hannun wa ƙyauren ya fito. Na shiga ɗaki na rufe shi, na ji dum ɗin nan. Na zauna na jingina bayana da shi, sanyinsa na ratsa ni. Na daɗe a haka. Sannan na fito na ɗauko gizago na ajiye a gabansa.

"Malam, tashi ka cire shi tun ban canza ra'ayi ba."

"Ƴar Birni, na Baba ne fa."

"Na san na wane ne. Ai ni aka ba."

Ya dube ni, ya dubi ƙasa. Ya ce, "To aro ne. Wallahi aro ne. Zan dawo miki da shi."

Na ce, "A yanke? Cire kawai, rana na yi."

Aikin ya ci mu. Da an ɗan kurɓi kunun dusa a sahur, an yi asuba, sai mu fita tun ƙarfe bai yi zafi ba, don in rana ta ɗaga, sanholo ba ya taɓuwa, fata yake ɗauka. Shi yana sare kawunan tsoffin ƙusoshi, ni ina ƙwaƙule ruɓaɓɓen katako da wuƙar fere. Muka wanke ramin da toka da soso, muka bar shi rana ta gasa shi har ya bushe ƙayau. Inda ƙusoshin kafinta suka taɓa, sanholon ya yi fari-fari yana gari. A nan ya gane baƙin ƙarfe da sanholo ba sa zama tare a ruwa, ɗaya ke cin ɗaya. Ya shimfiɗa tsohuwar tabarma a jikin bangon, ya yanke ta daidai surarsa, ya ɗora a kan ƙyauren ya zana da gawayi.

Lokacin da zarto ya shiga, na ce zan je ɗibar ruwa. Randa a cike take. Ina can bakin rijiya ina jin kukansa, ƙiii, ƙiii, maɗaci ba ya yankuwa da sauƙi. Da na dawo, tsakar gida ta yi ja da garin katako, ƙamshinsa mai ɗaci ya cika ko'ina, ƙamshin ɗakin kakata sak. Maƙogwarona a bushe, ko yawun haɗiyewa babu, amma ido ya samu ruwa, ban san daga ina ba.

Saura kusurwoyin da suka tsage. Ya sassaƙa wani ɗan itace mai siffar gwiwa a lanƙwashe, ya ce in aka samu irinsa biyu na sanholo, su riƙe bangon da gefen jirgi, ko doki aka rataya ba zai motsa ba. Masu zubin tukwane na Wunti, a cikin birni, za su iya, amma sai ka kai ƙarfenka. Na ɗauko babbar tukunyar aurena, wadda ake dafa tuwon suna a ciki. Ya ce haba, ƙyaure bai isa ba? Na ce me muke dafawa a cikinta, iska?

Ni na kai ta, don shi yana kan sassaƙa. Na goya Sani, na hau motar itace, tukunya a cinya. Da muka shiga gari na ja mayafi na rufe rabin fuska, na bi ta lungunan da ba za su fitar da ni Ƙofar Wambai ba. Rumfar Ɗan'azumi mai zubi kuwa, ga zafin Allah ga na gawayi, kamar ka leƙa tanderu. Ya juya tukunyar, ya ƙwanƙwasa gindinta, ya girgiza kai.

"Baiwar Allah, nan tukunya ake zuwa saye. Ke kuma kin kawo lafiyayya a kashe."

Na ce, "Ba kashe ta za ka yi ba, sana'a za ta canza. Ta gaji da jiran kifi, za ta je ta kamo da kanta."

Ya yi dariya har ya dafa gwiwa. "Wannan bakin na cikin ganuwa ne. Ƴar wane gida?"

"Ƴar gidan mijina. Zuba mini, Malam, ina da nisa."

Ya danna itacen a cikin ƙasa mai laushi ya fitar da surarsa. Ya sa guduma ya farfasa tukunyar, ya zuba a kasko, ya hura wuta. Na tsaya ina kallo ta narke ta zama kamar ruwan madubi. Ya tsiyaya a ramin, ƙasa ta yi huci. Da suka huce ya goge su ya miƙo mini, har da ƴan ƙusoshin sanholo da ya zuba da ragowar. Na ƙulle su a gefen zane, suna ɗumama mini cinya har Gubi.

Muka narka kwalta a gwangwani, muka shafe katakon ciki da bai, musamman bakin da zarto ya bi, don ta nan ruwa ke shiga. Ramin kuba ma ya cika shi da kwalta. Muka zura shi tsakanin fallayen biyu, ya ƙi shiga, aka fito da shi aka rage, aka sake. Da ya zauna, ya zauna. Ya gasa tsinken ƙarfe ya huda ramuka, kowane rami sai ya ɗiga masa kwalta kafin ƙusa ta shiga. Ni ke shiga cikin jirgin in tokare kan ƙusa da bakin gatari, shi yana waje yana dakan ɗaya kan har ya baje. Kowane bugu sai na ji shi a haƙorana. La'asar in ta yi, gani na yake rarrabuwa biyu. Yakan ce, "Ƴar Birni, ki sha ruwa mana, mai goyo ce ke, Allah ya yafe miki." In ce, "Kai dai buga." In rana ta faɗi mu jiƙa maƙoshi, mu ba yara abin da ya samu, mu mu lashe ludayi.

Ranar jajibiri da sassafe maza suka taya shi turawa. Ya rataya inji, ya kama shi da hannu biyu ya jijjiga da ƙarfinsa duka, jirgin gaba ɗaya ya motsa, bangon bai ce komai ba. Ya ja igiya, inji ya yi tari ya kama. Na tsaya a kan busasshiyar laka har ya zama ɗan ɗigo fari a tsakiyar ruwa.

Hamma ya iso da hantsi, da buhun masara ɗaure a bayan babur. Idonsa bai sauka a kaina ba, a kan ƙofar ɗakina ya sauka. Asabari ne a rataye.

"Kulu. Ina ƙyauren Baba?"

Na ce, "Yana ruwa, Hamma. Ya tafi nemo wa jikokinsa abinci."

Na shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ya zauna yana jan carbi, ba ya kallona. Rana ta take. Ni ina ta kai da kawo kamar mai aiki, alhali kunnena na bakin ruwa. Sai bayan azahar na jiyo injin, tun daga nesa na san muryarsa. Ba zan yi muku ƙarya in ce jirgi ya cika ba. Rabin daro ne, tarwaɗa da karfasa. Amma manya ne, na zurfi, irin waɗanda muka manta kamanninsu. Bangon kuma a bushe, ko raɓa babu ta ciki.

Masarar na karɓa, yara na kallo ba zan mayar ba. Amma sai da na zaɓi tarwaɗa mafi girma na soke ta da igiya na rataya masa a kan babur. Na ce a kai wa mutanen gida, a ce musu daga Gubi ne, su yi haƙuri da ƙarni. Hamma ya ɗan murmusa, karo na farko. Ya ce, "Halin Baba ne da ke, ba ki bar komai ba." Ya tafi shi kaɗai.

Ruwa ya sauka bayan Salla da ƴan makonni, da iska mai tsanani daga gabas, ƙofata kuwa gabas take kallo. Asabari me zai tare? Duk sanda hadari ya taso sai Malam ya ɗauko zana ya yafa a baya, ya zauna a bakin ƙofa ya cika ta da jikinsa, ruwa na dukan bayansa, mu muna ciki a bushe. In ce ya shigo, ya ce shi ne ƙyauren kafin na aro ya dawo. Yana zaune yana ba yara labarin Yawuri, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na shigowa ta gefen kafaɗarsa. Na zauna a ɗakuna masu kyau bayan nan, har da mai silin da fanka. Ban sake samun ɗakin da ya kai wannan ba.

Da kaka ya sa aka yi mini ƙyauren kwano, mai ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Duk shekara in na yi ƙorafi sai ya ce, "Naki na nan, Ƴar Birni, ajiya na ba ruwa." Har ya kwanta ciwon da bai tashi ba yana faɗa.

To yau ga shi an dawo mini da shi. Na wuni ina shafa shi. Na kankare kwalta da farce, jan maɗacin ya leƙo. A saman, inda tafin hannunsa ke dafawa in yana tuƙi, wurin ya lotsa ya yi santsi. Na sa hannuna a ciki, ya fi nawa girma. Na kai hanci ko zan ji ɗakin kakata. Babu. Ruwan Gubi na ji, da man inji, da ƙarnin kifi. Shi na ji.

Aka kira magariba. Matar Sani ta kawo ƙanƙara da ƙosai da kunun gyaɗa har da madara. Na sha, na yi salla. Sani ya zo ya tsuguna, yaransa na bayansa suna wawason ƙosai.

"Dada, in nemi filawud ɗin?"

"Gwiwoyin nan biyu suna nan?"

"Suna nan daram. Ko tsaga babu."

"Ƙusa fa? In ka sa masa baƙin ƙarfe, ni da kai ne."

"Haba Dada, akwai noti marasa tsatsa yanzu."

"Kuma bakin da za ka yanka, ka cika shi da kwalta. Kowane rami ka ɗiga masa kafin ƙusa ta shiga."

Ya ce to. Ya miƙa hannu zai ɗauka, na ga ban saki ba. Sai da na ƙara shafa lotsawar nan, sannan na tura masa.

Na ce, "Ɗauki. Amma ka ji da kyau, aro ne."